Kafin A Sauke Inji

Tsakanin Isa da Sabon Birni akwai wani wuri da ruwan damina ya cinye kwalta, ya bar rami da ya ratsa hanya daga wannan gefe zuwa wancan, ta yadda ko direban da ya fi kowa ganganci tilas ya taka birki in ya iso shi. A nan motata ta mutu, wata ranar Asabar da hantsi, cikin bazarar da ta wuce. Na ɗaga ƙafa daga totur, na taka kuloci, sai inji ya yi karkarwa sau biyu kamar mai masassara, ya yi tsit. Mahaifiyata tana kujerar baya, ita da wata jikanyarta 'yar shekara tara. Dama da hagu babu kowa, sai gonakin da aka shekara ba a noma ba, da kufan wani ƙauye da mutanensa suka watse. Na murɗa makulli, inji ya juya bai kama ba. Na sake, haka. Inna ba ta ce uffan ba, ƙarar carbinta kawai na ji ta ƙaru. A karo na uku na danne totur rabi kafin in murɗa, motar ta tashi da wani irin gurnani, ban kuwa sake ɗaga ƙafata gaba ɗaya ba har muka shiga gari. In na ƙiyasta, abin bai kai minti ɗaya ba, amma rigata sai da aka matse ta.

Mai karatu da ke Kano ko Kaduna zai iya cewa, mece ce mutuwar mota? A can in ta mutu maka a titi, iyakarta ɓacin rai da zagin masu hon a bayanka, ka tura ta gefe, ka kira bakanike a waya. A ƙasar Gobir lissafin daban ne. A watan Disambar 2021 aka tare wata motar fasinja a yankin Sabon Birni aka banka mata wuta da mutane a ciki, hukuma ta ce mutum 23 suka rasu. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, cikin Agusta kuma labarin rasuwarsa a hannun 'yan bindiga ya iso mu. Kowane direba da ke bin waɗannan hanyoyi yana ɗauke da irin waɗannan labarai a ƙirjinsa, ya kuma haddace dokokin da babu wanda ya rubuta su: ba a fita sai rana ta ɗaga, ba a bari la'asar ta riski mutum a daji, kuma duk abin da zai faru ba a tsayawa. To, injin da ke mutuwa da zarar an rage gudu ya karya doka ta uku, alhali ita ce babbarsu.

Motar tawa Golf 3 ce, ƙirar 1996, mai inji 1.8. Na saye ta a 2018 daga hannun wani ɗan kasuwa da ya gaji da ita, shi ma 'yar Kwatano ya saye ta. An ƙera irinta daga 1991 zuwa wajen 1997, saboda haka ta girmi ɗalibaina kaf, har da wasu daga cikin abokan aikina a makarantar sakandaren da nake koyarwa. Ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Wanda duk ya taɓa tsayawa a tashoshin motarmu ya san irin lodin da ake ɗora wa 'yan'uwanta, su kuma ɗauka ba musu. Abin da ya canza shi ne aljihuna. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da aka yi shelar cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Kayan gyara, da yake daga waje ake shigo da su, suka bi bayan dala.

Mu na bakin iyaka muna da ƙari a kan wannan. A Nuwambar 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da kan iyaka. A Satumbar 2021 gwamnatin jiha, cikin matakanta na yaƙi da 'yan bindiga, ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Cikin waɗannan shekaru muka saba da sayen mai inda duk muka same shi, a galan ko a kwalba, daga hannun 'yan bumburutu. Shi ya sa in inji ya yi tari a garinmu, mai ake fara tuhuma tun kafin a buɗe bonet.

Ciwon ya fara ne mako uku kafin waccan Asabar. In motar tana tsaye inji na aiki, sai ta riƙa jijjiga har madubi ya yi rawa, sulo ya hau ya sauka da kansa. In na zo kwana ko shingen jami'an tsaro na rage gudu, sai ta nemi mutuwa. Amma da zarar na hau miƙaƙƙiyar hanya na ba ta wuta, sai ta tafi sumul kamar ba ita ba. Na kai ƙara majalisarmu ta bayan sallar isha'i, inda kowa likitan mota ne, har da waɗanda ko keke ba su taɓa mallaka ba. Wani ya ce gurɓataccen mai ne, ya tuna mana da man nan mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata motocin jama'a. Wani ya ce fulogi. Wani ya rantse nozul ne ya toshe. Wani dattijo ya ce baki ne, in yi sadaka. A cikin shawarwarin nan ta ƙarshen ce kaɗai ban yi asara a kanta ba.

Na sayi fulogi huɗu a teburin wani mai kayan gyara naira 8,000, na sayi kwalbar maganin wanke nozul 3,500 na juye a tanki, na ba yaron da ya ɗaura mini 1,500. Naira 13,000 ke nan. Jijjigar ba ta ragu ko kaɗan ba, sai ma wani sabon abu da ya ɓullo: in na taka totur da ƙarfi domin in wuce wata mota, sai ta cije sau ɗaya ko biyu kafin ta miƙe. Da wannan hali na je Isa ɗauko Inna, ina gaya wa kaina ai hanya za ta wanke ta. Wannan ganganci nawa ne, ban kuma da wanda zan ɗora wa.

Washegari Lahadi na kai ta garejin wani matashi da ake yabo a gari. Ya buɗe bonet, ya ja totur da hannu har inji ya yi kururuwa, ya sake shi, ya girgiza kai.

"Oga, ringi ne. Sai an sauke inji."

Na tambayi kuɗi. Ya ce da kaya da aiki naira 160,000, in ba a tarar da wata ɓarnar a ciki ba. Da ya ga fuskata sai ya sassauta, ya ce akwai wata hanya: a cire injekta baki ɗaya a mayar da ita kafireta, 75,000, in huta da wahalar waya da sansa har abada. Dukan binciken bai ci minti biyu ba.

A ranar, abin da na mallaka a duniya naira 58,000 ne. A ciki 30,000 kuɗin mai ne na zuwa Sakkwato da dawowa, tafiyar da ta haura kilomita 100 kowane zango, domin ranar Litinin ta sama likitan ido ya ba Inna a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ciwon suga ya fara taɓa mata gani. Motar haya kuwa, inda ake cusa mutum biyu a gaba huɗu a baya, gwiwoyinta ba za su ɗauka ba. Saura naira 28,000, da kwana takwas.

Maiɗakina ce ta tuna mini da wani dattijo da ke bayan tasha, ƙarƙashin wani dogon yaro. Ba zan ambaci sunansa ba, domin na san ba zai so ba. Baba muke ce masa. A Kaduna ya koyi aiki, zamanin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa 504 a can, wato daga 1975. Direbobi sun rage zuwa wurinsa, wai yana da nawa, ga yawan tambaya kamar alƙali. Da na isa na gaishe shi, na nufi bonet zan buɗe, sai ya ɗaga mini hannu, ya nuna mini benci.

"Zamna, Malam. Yaushe taka yin hakanga? Da sahe ko in ta yi zahi?"

Na ce duka, amma ta fi yi in ta yi zafi. Ya tambaya, a tsaye ko a guje? Na ce a tsaye. Ya tambaya ko ina ƙara baƙin mai tsakanin juye da juye, na ce a'a. Ko ina ƙara ruwa a lagireto? Na ce ba wani mai yawa ba. Ko ciwon faɗowa ya yi rana ɗaya bayan na sha mai a wani wuri, ko kuwa sannu a hankali ya zo? Na ce sannu a hankali. Daga nan ya dube ni ta saman tabarau.

"Mi kas saye mata?"

Na lissafa masa cikin kunya. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Ina tsohhin?" Allah Ya taimake ni, rowa ta hana ni jefar da su, suna cikin but a ƙunshe a leda.

A nan ya kamata in faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Kimiyya nake koyarwa. Kowace shekara nakan zana wa yara silinda da fistin a allo, in gaya musu cewa a 1876 wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera injin mai bugu huɗu: fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Nakan ma rubuta musu cewa kowane kashi 1 na fetur yana buƙatar kusan kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi kafin ya ƙone tas. Duk na san wannan, amma ranar da injina ya kamu da ciwo sai na bar ilimin a aji na tafi majalisa. Baba, wanda bai taɓa jin sunan Otto ba, ya lanƙwasa yatsu huɗu ya ce inji abu huɗu yake ci: mai, iska, wuta da matsi. In ya yi tari, ɗayansu ne ya gaza, ko ya yi yawa, ko ya zo ba kan lokaci ba. Aikin bakanike shi ne ya sallami marasa laifi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma fara da wanda binciken sa ba ya cin ko kwabo.

Ya sa na tayar da ita, ya zagaya baya ya tsuguna kusa da salansa. Hayaƙi kala uku ne ke da magana. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Shuɗi yana nufin baƙin mai na shiga inda ake ƙuna, wanda shi ne babbar alamar ringi ko bawul da suka gaji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga silinda, galibi ta gasket ɗin sama. Nawa babu ko ɗaya. Ya sa na kashe, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya ga yana kan layinsa. Ya buɗe murfin da ake zuba shi ya duba cikinsa, babu wannan farin kumfa mai kama da madara da ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Ya ce injin da ringinsa ya mutu ba ya ɓoye kansa: yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, ba ya da ƙarfi a hanya. Tawa kuwa a hanya ta fi lafiya.

Sai mai. Ya kwance tiyo ya tari kamar rabin kwalba a wata farar kwalbar gilashi, ya ajiye ta a inuwa, nesa da mai shayin da ke hura wuta a gefe. Ruwa ya fi fetur nauyi, kuma ba sa gauraya, don haka in akwai shi zai kwanta a ƙasa, a ga layi tsakaninsu ƙarara. Kafin ya kwanta, ya ɗiga ɗigo biyu a kan farar takardar da ya yago daga littafin da ke kujerata. Fetur zalla yakan bushe ya tafi bai bar komai ba. In an surka shi da kananzir ko gas sai ya bar tabon maiƙo. Takarda ta bushe fes. Kwalba ma babu ruwa, sai ɗan ƙura-ƙura. Wanda majalisa ta yanke wa hukunci tun farko, ashe ba shi da laifi.

Daga nan ya jera tsofaffin fulogina a kan benci, ya daɗe yana juya su. 'Yan'uwanmu na tsallake, mutanen Maraɗi da Tsibiri, buji suke ce musu. Baba ya ce su ne kaɗai shaidun da suka kwana a cikin ɗakin. Bakin fulogi mai lafiya yakan yi ruwan ƙasa-ƙasa. In ya yi baƙi ƙirin a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In ya yi baƙi da danshin maiƙo, baƙin mai ke hawowa. In ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai. Nawa duka huɗun sun yi fari-fari, kuma babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Wannan kamannin nasu, in ji shi, ya fi kalar muhimmanci, domin yana nuna ciwon na gidan ne gaba ɗaya. Da silinda guda ce ke da matsala, da fuloginta ya fita daban.

Ya kwance sababbin da na saya ya gwada su da tsofaffin. Tazarar bakinsu, wadda a irin wannan inji ba ta kai milimita 1 ba, kowanne da tasa, ɗaya ma ya wage ƙwarai. Tartsatsi yana iya tsallake irin wannan tazara a sulo, amma in aka taka totur matsi ya ƙaru a silinda sai ya kasa. Cijewar nan da ta ɓullo daga baya, ni na sayo ta da kuɗina. Ya goge tsofaffin da burushin waya, ya ce na asali ne kuma da sauransu.

Tun da fulogi suna waje, sai ya ɗauko wani tsohon agogon awon matsi daga akwatinsa, wanda ya ce ya girme ni. Ya cire wayar koyil don kada wuta ta tashi, ya sa na danne totur har ƙasa ina murɗa makulli, yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Uku suka nuna 11, ɗaya 10 da rabi. Abin da ake tsoro shi ne a ga guda ta faɗi nesa da sauran. Ko da an ga haka ma, ya ce, ba a gaggawar cewa ringi: sai a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin a sake awo. In allura ta hau, ringi ne, domin man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, a nemi bawul ko gasket. Awon nan bai ci minti goma ba, shi ne kuma ya tsaya tsakanina da bashin naira 160,000.

Ya mayar da tsofaffin fulogi, muka tayar. Jijjiga na nan. Ya yi gwaji na ƙarshe a kan wuta: a kashe inji, a zare wayar fulogi ɗaya a jingina bakinta da ƙarfen inji, a tayar a saurara, a mayar, a koma ta gaba. Silindar da aka zare wa waya inji bai ƙara lalacewa ba, ita ce dama ba ta aiki. Nawa kowace aka zare sai ya ƙara rikicewa daidai da sauran. Ya ce in ina shakkar wayoyin, in buɗe bonet da dare a cikin duhu, wayar da ta tsage za a ga wuta na tsalle daga jikinta. Ya kuma ja mini kunne in tattare hannun rigata, don fanka da bel ba su san malami ba.

Saura abu biyu: ko mai ba ya isowa, ko iska na shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Yadda ya raba su shi ne abin da ya fi burge ni. Matatar mai da ta toshe, ko famfon da ya gaji, suna iya ciyar da inji a sulo, lokacin da kaɗan yake buƙata. Sai an hau hanya ana neman mai da yawa asirinsu ke tonuwa. Ɓarauniyar iska kuwa akasin haka take. A sulo ƙofar totur a rufe take, inji na zuƙa da ƙarfi ta 'yar ƙaramar kafa, don haka ko tsaga kamar ƙaho ce iskar da za ta shigo ta nan ta isa ta ɓata lissafi. In aka buɗe totur iska ta kwararo da yawa, sai ta ɓarauniyar ta nitse a ciki, ba a jin ta. Amsar tana cikin tambayarsa ta biyu tun muna kan benci, a tsaye ko a guje.

Ya yanko guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, yana yawo da ɗayan a jikin inji kamar likita. Ya bi ƙananan tiyoyin iska, ya bi babban da ke zuwa birki. Da ya iso ƙarƙashin injekta sai ya tsaya, ya miƙo mini in ji. Wani siririn shi-i-i ne kamar na tayar da ƙusa ta huda. Irin wannan inji nozul guda gare shi, a cikin wani kai da ke zaune bisa bututun da ke rarraba wa silinda huɗu, kuma tsakanin kan da bututun akwai wata roba mai kauri da ke riƙe da shi. Baba ya dafa kan ya ɗan tura shi gefe, inji ya shaƙe kamar zai mutu. Ya sake shi, ya farfaɗo. Ya yayyafa ruwa a gindin robar, murya ta canza nan take. Wasu da fetur suke wannan gwaji, ya ce, shi kuwa ya taɓa ganin gemun da ya ƙone a kan haka. Da aka haska tocila, ga tsaga nan ta bayan robar, tsawon ɗan yatsa. Shekara kusan talatin tana shan zafin inji da na bazarar Gobir da girgizar ramuka, ai ta yi ƙoƙari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar Asabar ɗin nan, birki da ramin ne suka girgiza kan, tsagar ta buɗe a daidai lokacin da na ɗaga ƙafa.

Na daɗe ina tunanin abin da zai faru da ina da kuɗi. Da na biya 75,000 an mayar da ita kafireta, mai yiwuwa da robar za a yar tare da injektar, motar ta warke, ni kuma in shiga gari ina shelar cewa injekta ba ta dace da ƙasarmu ba, ina shan mai fiye da da ban san dalili ba. Da na biya 160,000 an sauke inji, ko dai a mayar da tsohuwar robar ciwo ya dawo, ko wani yaro ya lura da tsagar wajen haɗawa ya canza ta, yabo ya tafi ga ringi. Ina zargin da yawa daga cikin abubuwan da muka yi imani da su game da mota ta haka aka haife su, har da cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye da ake yi wa kusan kowace 'yar Kwatano da ta shigo.

Wani abokina ya ce da na kai ta Sakkwato an sa mata kwamfuta da an huta. Na'urar tana da amfani, musamman ga motocin da aka ƙera bayan Amurka ta wajabta tsarin bai-ɗaya na gano matsala a 1996, Turai kuma a 2001 ga masu fetur. Sai dai iyakar abin da za ta ce a nan shi ne iska ta yi yawa a haɗin. Ba za ta nuna robar ba, kuma na san waɗanda aka sayar wa sabuwar sansa saboda sunanta ne ya fito a allo, alhali ita rahoto kawai ta kawo.

Ban kuma ɗauki matashin nan ɓarawo ba. Mu ne ba ma biyan kuɗin tunani. In bakanike ya yi awa biyu yana bincike ya ce roba ce, sai mu miƙa masa naira 1,000 muna ganin mun yi kyauta. In ya zubar da inji a ƙasa muka ga ƙarafa a baje, sai mu biya ba ciniki. Yaron da ya tashi a wannan kasuwa me zai koya in ba saukewa ba? Ga shi babu agogon matsi a garejinsa, maigidansa ma bai taɓa mallaka ba.

Robar babu ita a Sabon Birni. An samu ta Beljiyam a wurin wani, naira 5,000, na yi murna. Baba ya lanƙwasa ta a gaban mai ita, ƙananan tsagu suka bayyana. Ya ce ƙarfen Beljiyam ƙarfe ne, amma robar Beljiyam sa'ar tawa ce, tare suka tsufa. Sai dai a aika Sakkwato a sayo sabuwa. Kafin nan ya yanko tsohon tub na babur ya naɗe gindin, ya ɗaure da waya, jijjigar ta ragu sosai. Da na ji haka sai zuciyata ta raya mini in riƙe kuɗina, in yi tafiyar da ɗaurin. Na furta. Ya ajiye filaya ya dube ni.

"Malam, wanga ɗauri shina kai ka makaranta, shi maido ka gida. Ba a shiga daji da shi. In kuɗɗin aikina ne, riƙe su, amma kak ka ɗauki tsohuwa bisa tub."

Ban sake magana ba. Ranar Talata na damƙa wa wani direban tasha naira 12,000 da tsohon hoton robar a waya, da 1,500 na ruwa. Laraba bai fita ba, an ce hanya ba kyau. Alhamis ya tafi, ya dawo da wadda ramukanta ba su dace ba. Sai Asabar da azahar ta gaskiyar ta iso, bayan na ƙara masa 1,000. A kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Ɗaurawa ba ta ci rabin awa ba. Baba ya ƙara da sabuwar matatar mai ta 4,000 saboda ƙurar da ya gani a kwalba, ya kaɗe matatar iska ya ce ta kai damina. Da na tambayi kuɗin aikinsa ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa. Na ba shi 6,000, ya mayar mini da 2,000, wai in saya wa Inna lemo a hanya. Jimilla naira 22,500. Sababbin fulogin nan huɗu har yau suna cikin but.

Ranar Litinin muka fita da misalin ƙarfe takwas, a bayan wasu motocin haya uku, don ba a son tafiya ɗaiɗai. Kafin Goronyo muka iso wani shinge, soja ya ɗaga hannu, layi ya tsaya. Na taka kuloci, na ɗaga ƙafa daga totur, na ji kaina ina riƙe numfashi. Allura ta sauko ta tsaya ƙasa kaɗan da 1,000, ba ta motsa ba. Madubi bai yi rawa ba. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗanta na fari, ta leƙo ta tsakanin kujeru.

"Kai, ta mutu ne kuma?"

Na ce, "A'a Inna, tana aiki."

Ta saurara jim kaɗan, ta koma ta jingina. Soja ya leƙa, ya gaishe ta, ya buga rufin motar da tafin hannu, na sa giya.